Famfon Ɓarayi

Akwai wani mutum a wani ƙauye can nesa da titi. Manomi ne, yana da mata, yana da 'ya ɗaya mai suna Keziya, yana kuma da mota. Da gangan na sa motar cikin iyalinsa, don shi ma haka ya ɗauke ta. Tsohuwar akori-kura ce mai ruwan toka, gadon ubansa, ta ma girme shi da shekara biyu. Kowace Asabar sai ya wanke ta, ya goge fitilunta da tsohuwar rigarsa, ya ja da baya yana kallonta yana murmushi. A duk ƙauyen babu wata mota sai ita. Mutane kuwa suna kiransa Baban Keziya.

A zamanin da ubansa yake kai doya kasuwannin nesa, ɓarayi sun taɓa ƙoƙarin sace motar. Sai tsohon ya sa makanike ya ɗaura masa wani ɗan famfo a jikin tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji. Can ƙarƙashin mota yake, kusa da tayar baya, inda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya kaiwa sai mutum ya kwanta a ƙasa. In aka murɗa shi, mai ya daina wucewa, ɓarawo ya yi ta fama da makulli har ya gaji ya gudu. Ranar da tsohon ya miƙa wa ɗansa motar, ya nuna masa wurin, ya ce, "Wannan famfon ɓarayi ne. Ka ji ni? Na ɓarayi."

To, ɓarayi ba su zo ba. Maƙwabta ne suka yi ta zuwa. Wannan ya ce a kai masa buhunan masara, wancan ya ce a ɗauko masa kwanon rufi. Baban Keziya ba ya son a wahalar masa da mota, amma kun san halinmu, kalmar "a'a" nauyi take yi mana a baki. Mutum ya dubi idon maƙwabcinsa ya ce ba zai ba shi ba? Kai, abin kunya! Sai ya samo dabara. Da ya ji ƙishin-ƙishin wani zai zo aro, sai ya lallaɓa ƙarƙashin mota ya rufe famfon, ya bar injin ya shanye ɗan man da ya rage har ya mutu. In mai aro ya iso, sai ya tarye shi da fara'a, ya ce, "Haba, ai mota taka ce! Zo mu tada ta." Ya murɗa makulli, mota ta yi ta kuka ba ta kama ba. Ya girgiza kai ya ce, "Kash! Ka ga halin tsohuwa." Mai aro ya tafi yana godiya, har yana yi masa jaje. Da ya ɓace, sai mutumin ya koma ya buɗe famfonsa.

Wata safiya a tsakiyar damina, ya ji ta bayan katanga cewa Iya, tsohuwar maƙwabcinsa Barnaba, tana ta amai, ba ta ma gane mutane. Ya tuna taɓon da ke hanya, ya tuna kujerar motarsa mai tsabta. Ya ce a ransa, "Zazzaɓin tsufa ne, zai wuce." Ya shiga ƙarƙashin mota ya yi abin da ya saba.

Barnaba ya zo a guje. Suka buɗe inji, suka tura, suka sake turawa. Baban Keziya har gumi ya yi don abin ya yi kama da gaskiya. Da Barnaba ya ga rana ta ɗaga, ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya ɗauki uwarsa. Ba su kai bakin rafi ba rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar Baban Keziya bai ƙara zuwa kusa da motar ba. Ya lulluɓe ta da tampol. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce, "Ta lalace." Ya faɗa a wurin makoki, ya faɗa a ƙofar majami'a, ya faɗa wa matarsa. Za ku ce, yaya mutum zai manta abin da hannunsa ya yi? Ni ma na yi wannan tambayar. Amma ku gwada faɗin ƙarya ɗaya kullum har wata biyu, ku ga wanda zai fara gaskata ta.

Aka shiga cirar gyaɗa. Ranar kasuwa ce, duk masu babur da majiya ƙarfi sun tafi tun da sassafe. Baban Keziya yana gona da iyalinsa, sai ya ji ihun 'yarsa. Keziya, 'yar shekara tara, ta ɗaga tarin harawa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Ya ga macijiyar da idonsa tana sulalewa. Wanda ya girma a karkara ya san kububuwa ba ta wasa, ya kuma san maganinta yana asibitin mishan, tafiyar da mota take yi a awa ɗaya, amalanke kuwa ya yi wuni.

Ya saɓa yarinyar a baya ya zura da gudu, uwar tana biye tana kuka. Ya kwantar da ita a inuwar zaure, ya fizge tampol, ya faɗa kujera, ya murɗa makulli.

Ƙyas. Shi ke nan abin da motar ta ce.

"Batir ne," in ji shi. Ya ɗaga murfin inji, ya ga farin gari ya taru a kan batir. Ya kankare da wuƙa, ya ɗaure waya tamau, ya ƙwanƙwasa da sifana. Ya koma ya murɗa. Wannan karon injin ya juya, gur, gur, gur, da ƙyar kamar mai ciwon baya, amma bai kama ba.

"Baban Keziya, ƙafar tana kumbura!" in ji matarsa.

"Ina zuwa! Fulogi ne."

Ya kwance fulogi huɗu, ya goge baƙin da ke bakinsu, ya hura, ya mayar. Ɗaya ya suɓuce masa ya faɗa cikin yashi, ya durƙusa yana lalube yana zagin kansa. Ya kira matar ta murɗa makulli, shi kuma ya kusantar da waya jikin inji. Wuta ta yi tartsatsi, shuɗiya tas. To, wuta akwai. Ya karyo kara ya zura cikin tanki, ya zaro shi jiƙe har rabi. Mai ma akwai. Ya tsaya ya riƙe kai, tsoro ya cika shi, don abin da ya sani game da mota ya kusa ƙarewa.

Sai ga Barnaba ya shigo. Bai je kasuwa ba, yana gyaran rumbunsa ne ya ji kukan. Ya dubi ƙafar yarinyar, wadda ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Ya tuɓe rigarsa ya ce, "Me zan riƙe?"

Suka zuƙo ɗan mai daga tanki cikin gwangwanin madara, Baban Keziya ya tsiyaya shi a bakin kafireta, wato inda mai yake shiga inji. Ya murɗa makulli. Mota ta yi tari, ta sake tari, ta kama! Ta yi ruri har kaji suka watse. Uwar ta ce, "Mun gode wa Allah!" Ta sungumi yarinyar ta nufo mota. Ba ta kai ƙofa ba injin ya shaƙe, ya yi karkarwa, ya mutu.

Ya murɗa. Gur, gur. Ya sake murɗawa. Gur. Ya sake. Ƙyas. Batir ya ƙare ƙarƙaf.

Nan fa mutumin ya haukace da faɗa. Ya tsine wa mai sayar da fetur, wai ruwa yake haɗawa. Ya tsine wa makaniken da ya taɓa motar bara. Ya ce aikin Shaiɗan ne, ya ce akwai mai baƙin ciki a garin. Ya dafa motar da hannu biyu ya ɗaga murya, "Ya Ubangiji, ka tada motar nan! Ka ji tausayin 'yata!" Addu'a ce mai kyau, ban ce ba kyau ba. Amma motar ba ta tashi ba.

"Bari mu tura," in ji Barnaba.

Suka kwantar da Keziya a bayan motar, kanta a cinyar uwarta. Baban Keziya ya kama sitiyari, Barnaba ya sa kafaɗa. Akwai ɗan gangare daga ƙofar gidan zuwa wata tsamiya. Mota ta gangara, ya sa giya, ya saki kuloci, ta yi tsalle ta tsaya. Suka sake, ta sake tsayawa. A karo na uku suka isa gindin tsamiyar, gangare ya ƙare, sauran fili sai yashi.

Baban Keziya ya cire tiyon mai daga jikin inji, ya sa baki ya zuƙa da dukan ƙarfinsa. Ko ɗigo. Ya sake zuƙa har idonsa ya yi ja. Tiyon a bushe yake ƙamas. Tanki da mai, tiyo babu mai. Yana tsaye yana juya abin a kansa, ya kasa haɗa biyun.

Barnaba ya jingina da itacen yana haki, gumi na zuba daga haɓarsa. Ya ce, "Haka ta yi mana ranar Iya. A daidai gindin tsamiyar nan muka gaji."

Maganar ta daki mutumin a ƙirji. Ranar Iya. Ya ga kansa kwance a ƙarƙashin mota da safiyar nan, ya ga yatsunsa a kan famfon. Kullum yakan koma ya buɗe bayan mai aro ya tafi, amma a ranar bai koma ba. Famfon yana nan a rufe, taku huɗu daga inda yake tsaye. Barnaba kuwa yana tsaye a daidai gefen tayar.

Yanzu ku saurara da kyau, har da ku na bencin baya a majami'ar nan, don abin da zan faɗa ba shi da daɗin ji. Kuna tsammani ya ruga ya buɗe? Bai ruga ba. 'Yarsa tana kwance da dafi a jikinta, amma abin da ya fara zuwa masa shi ne, "Barnaba zai gani." Sai ya ce, "Barnaba, ruga bakin hanya ka duba ko wani mai babur ya dawo."

"Babu wanda zai dawo kafin la'asar, ka sani."

"To je ka ɗebo mini ruwa, in zuba wa inji."

Barnaba ya dube shi da mamaki. "Ruwa? Injin da bai tashi ba, ina ya yi zafi? Hankalinka ya tashi ne, ɗan'uwa. Ba inda zan je. Ranar Iya kai ma ba ka bar ni ba, ka tsaya tare da ni har rigarka ta jiƙe. Ban manta ba."

Da Barnaba ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya riƙe da busasshen tiyo, ya kasa gaba ya kasa baya. Minti nawa ya yi a haka, ban sani ba, shi ma bai sani ba. Sai matarsa ta ƙwalla ƙara daga bayan motar, "Jini! Jini a bakinta!" Ya leƙa, ya ga jini yana tsattsafowa daga dasashin yarinyar. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Baba, mun kusa?"

Sai mutumin ya faɗi ƙasa. Ya kwanta rigingine cikin ƙura a gaban ƙafafun Barnaba, ya ja jiki ƙarƙashin mota, ya miƙa hannu ba tare da lalube ba, ya murɗa. Barnaba ya sunkuya yana kallo. Ya ga ɗan famfon, ya ga yadda hannun ya san wurin. Baban Keziya ya fito, ya sa tiyo a baki ya zuƙa, fetur ya cika masa baki har ya ƙware. Ya tofar, ya mayar da tiyon a wurinsa.

"Mene ne wancan?" in ji Barnaba, a hankali.

"Famfo ne. Yana tsare mai."

"Wa ya rufe shi?"

"Ni."

"Yaushe?"

Bakinsa na ɗacin fetur, hawaye na zuba, ya ce, "Ranar Iya. Kafin ka iso. Motar lafiyarta ƙalau, Barnaba. Ba ta taɓa lalacewa ba."

Matar ta rufe baki da hannu, don ita ma yau ta fara ji. Ga kuma abin da ya rage: batir ya mutu, gangare ya ƙare, motar ba za ta tashi ba sai an tura ta cikin yashi, kuma namiji ɗaya ne a duk unguwar da zai iya. Yana tsaye, hannuwansa sun dunƙule, jijiyar wuyansa ta tashi. Baban Keziya bai roƙe shi ba. Da wane baki?

Barnaba ya dubi mutumin. Ya dubi hanyar rafi, inda amalanke ya bi da uwarsa. Sa'an nan ya dubi yarinyar. Ya ce, "Shiga mota."

Ya sa kafaɗa. Tayoyi suka nutse cikin yashi, ya yi nishi, ƙafafunsa suna zamewa. Uwar ta ajiye kan 'yarta ta diro ta kama gefe. Mota ta motsa, ta ƙara motsawa, ta hau ƙasa mai tauri. Barnaba ya yi ihu, "Saki!" Mota ta yi tsalle, ta yi tari, ta yi shiru kamar za ta mutu, sai ta kama. Wannan karon ba ta mutu ba. Barnaba ya ɗaga matar ya jefa ta ciki, ya ɗare, ya rungume yarinyar don kada gargada ta wahalar da ita. Haka ya riƙe ta har asibiti.

Keziya ta rayu. Amma dafin ya riga ya ci ƙafar, sai da aka yanke yatsu biyu, har yau tana ɗingishi. Likita ya ce da sun iso da wuri kaɗan, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Uban ya ji, ya kuma san inda wannan "kaɗan" ɗin ya tafi.

Da yamma ya sami Barnaba zaune a barandar asibitin. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ka yafe mini."

Barnaba ya ɗago kai ya dube shi. Can ya ce, "Motarka ce. Da ka ce mini a'a, da na ji haushi, in ɗaura shanu nan take in kama hanya. Amma ka ce mini 'mota taka ce'. Awa biyu na yi ina tura ta, Iya tana kwance tana jirana." Ya share fuska da tafin hannu. "Yau ba zan ce na yafe ba, don ba na so in yi maka irin abin da ka yi mini, baki ya faɗi abu zuciya ba ta faɗa ba. Ina roƙon Allah ya kai ni wurin. Tashi ka je wurin 'yarka."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa.

Tankin nan mai cike da mai, alherin Allah ne. Bai taɓa ƙarewa ba, ba a kuma haɗa shi da ruwa ba. Sau nawa muke zuwa nan muna cewa addu'armu ba ta tashi, gidanmu ba salama, zuciyarmu ta yi sanyi? Sai mu kama bincike. Mu ce laifin fasto ne, wa'azinsa ba wuta. Mu ce laifin miji ne, laifin mata ne, laifin maƙiya ne. Mu kankare nan, mu ƙwanƙwasa can. Wani lokaci a taron farkawa a tsiyaya mana ɗan mai, mu yi ruri kwana biyu, mu sake mutuwa. Duk wannan wahala, alhali akwai wani ɗan famfo a can ƙarƙashi, inda ba mai gani, wanda mu da hannunmu muka rufe.

Ku lura, tiyo ɗaya ne a motar nan. Babu na maƙwabci dabam, na gida dabam. Mutumin ya zaci Barnaba kaɗai ya rufe wa, ashe ya rufe wa Keziya. Ranar da ka toshe jinƙai don kada ya kai ga ɗan'uwanka, ka toshe hanyar da zai bi ya zo gidanka.

Kuma ku dubi abin da ya rufe famfon. Ba ƙiyayya ba ce, mutumin ba ya ƙin Barnaba. Kunya ce, irin wadda muke yabo, irin ta "ai ba komai", "ai naka ne", "gobe in Allah ya yarda", alhali mun san ba goben. Muna kiranta ladabi. Ni dai yau zan kira ta da sunanta: ƙarya ce mai fara'a. Gara ka ce wa ɗan'uwanka a'a ya tafi da haushinka, da ka bar shi yana tura motar da ka san ba za ta tashi ba.

Famfon nan kuwa ba a buɗe shi a tsaye. Sai an kwanta a ƙasa, a cikin ƙura, a gaban wanda aka cuta. Wannan ita ce tuba. Allah yana karɓarta ko ta zo a makare, yarinyar ta rayu. Amma jinkiri yana da nasa tabo, kuma sau da yawa ba a jikin mai jinkirin yake fita ba.

Ban san famfon da ka rufe ba, ban san wa ka rufe wa ba. Kai ka sani, hannunka zai same shi ba lalube. Wataƙila mutumin yana zaune a cikin ɗakin nan, har ya gaishe ka da safe yana ganin kai mai kirki ne. Kada ka aike shi ɗebo ruwa. Ka same shi yau, kafin ka ci abincin rana, tun ba a ɗauko maka taka Keziyar daga gona ba.